Da Bulus Da Barnaba, Wa Ya Fi Gaskiya?

 Mu 'yan aji shida na ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ne aka bai wa wannan fili bana. Da farko mun yi niyyar rubuta ban kwana irin wanda aka saba, mu gode wa kowa, mu roƙi gafara, mu kama hanya. Amma akwai wata magana da ta tsaya mana a rai tun zangon karatu na biyu, mun kuwa ga bai kamata mu ƙulle ta cikin akwati mu fita da ita ba.

Ga yadda abin ya faru. Wani ɗan'uwanmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba (da yardarsa kuma muke wannan rubutu), an kama shi bara da takarda a ɗakin jarrabawa. Aka dakatar da shi, daga baya aka karɓe shi bisa sharaɗin ya maimaita aji. Ya amsa laifinsa, ya sha horonsa bai yi gunaguni ba. Da lokaci ya yi da za a rubuta sunayen waɗanda za su riƙa fita ƙauyuka ran Asabar don koyar da yara da yin bishara, sai ya kawo sunansa. Nan fa kwamiti ya rabu biyu. Waɗansu suka ce wanda ya zubar da sunan makaranta ba shi da bakin tsayawa gaban jama'a da Littafi a hannu. Waɗansu suka ce ai ya tuba, me kuma ake nema? Muka yi ta ja-in-ja har aka kaɗa ƙararrawar barci, kowa ya tafi da fushinsa. Aka ajiye sunan a gefe, har yau kuwa yana nan a ajiye.

Da Baba Fasto ya ji labari, bai goyi bayan kowa ba. Ya dai ce mu je mu karanta Ayyukan Manzanni sura 15 daga farko har ƙarshe, kada mu tsallake aya ko ɗaya. Ashe gardamar da muke yi an riga an yi ta tun zamanin manzanni, manya biyu ne kuwa suka yi ta, a kan wani saurayi mai suna Yohanna Markus.

Markus ɗan gidan ikkilisiya ne, kamar yawancinmu. Uwarsa Maryamu tana da gida a Urushalima, gida mai girma har da baiwa mai buɗe ƙofa, wadda ake kira Roda. A wannan gida ne masu bi suka taru suna addu'a daren da Bitrus ya fito daga kurkukun sarki Hirudus, can kuma Bitrus ya nufa kai tsaye. Wato tun yana yaro ya saba ganin manzanni suna shiga suna fita a gidansu. Barnaba kuwa ɗan'uwansa ne na jini. Saboda haka da Barnaba da Shawulu suka gama hidimarsu a Urushalima za su koma Antakiya ta Suriya, sai suka tafi da shi. Da ikkilisiyar Antakiya ta sa musu hannu ta aike su tafiyar bishara ta fari, wajen shekara ta 46 bayan haihuwar Almasihu, Markus ne mai taimakonsu. Suka sauka tsibirin Kubrus, ƙasar haihuwar Barnaba, suka fara daga Salamis suka ratsa har Bafusa, inda gwamna Sarjiyas Bulus ya ba da gaskiya bayan makantar da mai sihirin nan Alimas. Har zuwa nan tafiya tana daɗi. Daga Bafusa suka shiga jirgi suka haye zuwa Bariyata ta ƙasar Bamfiliya, a kudancin Turkiyya ta yau. A nan ne Markus ya rabu da su ya koma Urushalima.

Luka bai faɗi dalili ba, cikin rabin aya ya wuce maganar. Masana sun yi ta kawo zato. Waɗansu sun ce hanyar da ke gabansu ce ta ba shi tsoro, gama daga bakin teku sai an hau duwatsun Taurus tafiyar kwanaki a ƙafa, cikin ƙasar da ta yi suna da 'yan fashi, kafin a kai Antakiya ta Bisidiya wadda take sama da mita 1,000 bisa teku. Waɗansu sun lura da cewa kafin Kubrus sunan Barnaba Luka yake sa wa gaba, bayan Bafusa kuwa ya koma ambaton Bulus da abokan tafiyarsa, mai yiwuwa saurayin bai ji daɗin ganin an sha gaban ɗan'uwansa ba. Mu da muka san yadda ɗan aji ɗaya yake kuka a makonsa na fari, ba mu raina zaton masu cewa kewar gida ce kawai ba.

Dole mu yi wa Bulus adalci, domin waɗansunmu sun yi saurin mai da shi mai taurin zuciya. A duba abin da ya same su bayan tafiyar Markus. A Antakiya ta Bisidiya aka zuga manyan gari aka kore su. A Ikoniya aka ƙulla shawarar jifansu, suka tsere. A Listira, mutanen da suka so yi musu hadayar bijimai suna ce da su alloli, su ne suka juya suka jejjefi Bulus, suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu. Ya tashi ya koma cikin garin, kashegari ya wuce Darba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne daga Darba, maimakon su yanke ta gabas zuwa Tarsus garin Bulus, sai suka sake bi ta Listira da Ikoniya da Antakiya, garuruwan da aka nemi ransu, suna ƙarfafa sababbin masu bi, suna naɗa musu dattawa, suna kuma gaya musu a fili cewa hanyar Mulkin Allah ta cikin wahala mai yawa take bi. Duk wannan babu mai riƙe musu ko jaka. Mutumin da ya kwanta cikin jininsa a bayan garin Listira yana da hakkin ya tambaya wa zai tsaya kusa da shi in an sake ɗaukar duwatsu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Bulus yana tunanin ikkilisiyoyi ƙanana da ba su daɗe da tsira ba, yana ganin aikin ya fi ƙarfin a gwada mutum da shi. 'Yan'uwanmu na kwamiti da suka ƙi sa sunan nan, irin wannan tunani suka yi, ba mugunta ba ce.

To, amma me ya sa Baba Fasto ya ce mu karanta surar tun daga farko? Domin kashi mafi yawa na sura 15 labarin taron Urushalima ne, wanda aka yi wajen shekara ta 49. Waɗansu masu bi daga Yahudiya sun zo Antakiya suna koyar da cewa in ba a yi wa al'ummai kaciya bisa Shari'ar Musa ba, ba su da ceto. Bulus da Barnaba suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka ƙi. Aka kai magana gaban manzanni da dattawa. Bitrus ya tashi ya tuna musu yadda Allah ya ba al'ummai Ruhu Mai Tsarki ba tare da bambanci ba, ya ce bai kamata a ɗora wa almajirai kayan da su Yahudawa da kakanninsu suka kasa ɗauka ba, ya kuma rufe da cewa Bayahude da Ba'al'umme duk ta alherin Ubangiji Yesu ne suke samun ceto. Yakubu ya yanke shawara, aka rubuta wasiƙa, aka karanta ta a Antakiya, jama'a suka yi murna. Ba a daɗe ba Bulus ya ce wa Barnaba su koma su dubo 'yan'uwa. Barnaba ya ce a tafi da Markus, Bulus ya ce sam. Gardama ta yi zafi har suka rabu. Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila suka bi ta Suriya da Kilikiya.

Mutane biyu da suka ci nasarar kāre alheri a gaban dukan ikkilisiya, ga su sun kasa shiryawa a kan yaro ɗaya. Wannan ya koya mana cewa wa'azin alheri ga al'ummai dubu da ba ka san fuskarsu ba ya fi sauƙi a kan nuna shi ga mutum ɗaya da ya taɓa ba ka kunya. Mu ma mun haddace Afisawa 2 don jarrabawar ilimin addinin Kirista, muna iya bayyana bambancin alheri da ayyuka cikin shafi biyu. Da aka ajiye mana takarda mai suna ɗaya a kan tebur, sai karatun ya gudu.

Ra'ayinmu dai shi ne Barnaba ya fi gaskiya, dalilinmu na fari kuwa Bulus ne da kansa. Lokacin da Shawulu ya zo Urushalima bayan tubansa yana neman shiga cikin almajirai, kowa tsoronsa yake ji, ba wanda ya yarda da shi. Suna da hujja fiye da wadda Bulus yake da ita a kan Markus, gama wannan mutum ya goyi bayan kisan Istifanas, ya kuma bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, ya tsaya masa. Bayan shekaru, da aikin Antakiya ya yi yawa, Barnaba ne ya tashi takanas har Tarsus ya nemo shi, suka shekara guda suna koyarwa tare, a garin da aka fara kiran almajirai Kirista. Sunansa na yanka Yusufu ne, Balawi, wanda ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni. Su ne suka laƙaba masa Barnaba, wato mai ƙarfafa zuciya. Abin da ya roƙa wa Markus shi ne daidai abin da ya taɓa yi wa Shawulu. Da almajiran Urushalima sun yi amfani da ma'aunin da Bulus ya auna Markus da shi, da wa zai rubuta wa Romawa wasiƙa?

Kada a ɗauka muna mai da Barnaba marar aibi. A Galatiyawa 2 Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron masu ra'ayin kaciya, har Barnaba ma ya bi sahu. Taushin zuciya yana da nasa rami: mai son kowa ya ji daɗi yakan rasa inda zai ce a'a. Ikkilisiya tana bukatar irin Bulus ranar da za a tsaya a kan gaskiyar bishara. A kan maganar Markus dai muke cewa idon Barnaba ya fi gani nesa.

Dalili na biyu ya shafi abin da muke nufi in mun ce jimiri. A makaranta mun saba auna shi da takardar shaida marar tabo: bai taɓa makara ba, bai taɓa shan horo ba, bai taɓa faɗuwa ba. Da wannan ma'auni babu manzo ko ɗaya da zai tsira. Daren da aka kama Yesu dukansu suka watse. Bitrus, wanda ya yi rantsuwar ko mutuwa zai bi shi, ya yi musun saninsa sau uku, farkon mai tambayarsa kuwa wata baiwa ce. Wannan Bitrus ɗin ne ya tsaya ranar Fentikos ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba, shi ne kuma daga baya ya rubuta wa masu bi da ke warwatse yana ƙarfafa su su daure cikin gwaji. Jimirin da manzanni suka koyar na mutanen da aka tashe su ne bayan sun fāɗi, suka ci gaba da tafiya da ƙarfin wanda ya tashe su. Bulus ma ya shaida haka a 1 Korantiyawa 15: ya ce bai cancanci a kira shi manzo ba saboda ya tsananta wa ikkilisiya, ya ce ya fi sauran yin aiki, nan take kuma ya mayar da yabon ga alherin Allah da ke tare da shi. A bakinsa alheri shi ne tushe, wahalar aiki kuwa 'ya'yan da itacen ya haifa.

Mun san abin da za a ce mana, an ma riga an faɗa a kwamiti: in aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai yi abin da ya ga dama ya zo ya ce alheri. Tambayar tsohuwa ce, Bulus ya amsa ta a Romawa 6 da a'a mai ƙarfi, a Titus 2 kuma ya nuna alheri malami ne mai horo, yana koya wa mutum ƙin rashin tsoron Allah. A lura da abin da Barnaba ya yi. Bai ce Markus bai yi laifi ba, bai kuwa mai da shi ɗakin uwarsa ya huta ba. Jirgi ya sake sa shi, zuwa Kubrus, filin da suka fara aiki tare. Alherin da ya nuna masa shi ne ya sake ɗora masa kaya, yana tafe kusa da shi yana dubawa. Mu kuwa irin namu alherin shi ne mu bar mutum ya zauna a bencin baya na ɗakin sujada, mu gaishe shi da fara'a, mu tabbata bai sake taɓa komai ba har ya gama makaranta. Wannan kora ce, sai dai an yi ta da murmushi.

Littafin Ayyukan Manzanni bai sake ambaton Barnaba ba bayan sura 15, Bulus ya bi. Amma wasiƙu sun ƙarasa mana labarin. A 1 Korantiyawa 9 Bulus ya ambaci Barnaba a matsayin abokin aiki mai ci da guminsa kamar shi, alamar rabuwar ba ta zama gaba ba. Fiye da shekara goma bayan gardamar, Bulus yana ɗaure, ya rubuta wa Kolosiyawa yana isar da gaisuwar Markus, har yana umartarsu su karɓe shi in ya zo. A wasiƙarsa ga Filimon ya jera shi cikin abokan aikinsa tare da Aristarkus da Dimas da Luka. A 2 Timoti 4, ƙarshen rayuwarsa ya gabato, kusan kowa ya watse sai Luka, ya roƙi Timoti ya zo da sauri, ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa, ya kuma zo da Markus domin yana da amfani a gare shi cikin hidima. Tsohon da ya ce ba zai tafi da yaron nan ba, shi ne yake nemansa a kurkuku. Muna girmama Bulus a kan wannan fiye da yadda za mu girmama shi da ya ci gardamar.

A cikin ayoyin nan kuma akwai sunan da ya kamata ya hana mu barci, mu da muke riƙe da muƙamai a ƙungiya. Dimas, wanda aka jera tare da Markus da Luka, shi ne Bulus ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan ya tafi Tasalonika. Da an kafa kwamiti a shekarun farko, Dimas zai wuce ba tambaya, Markus ne za a ajiye sunansa a gefe. Mu da za mu fita bana, babu mai dubanmu a jami'a ko a wurin aiki, babu ƙararrawar da za ta tashe mu addu'ar safe. Takardar shaidarmu mai tsabta ba ta gaya wa kowa ko mu Dimas ne ba.

Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya kira Markus ɗansa. Fafiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na biyu, ya shaida cewa Markus ne tafintan Bitrus, shi ne kuma ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa. Wannan ita ce Bishara ta Markus mai sura 16, mafi gajarta cikin huɗun, wadda yawancin masana suke ganin ita aka fara rubutawa. Ba ta ɓoye kasawar almajirai ko kaɗan, ta kuma adana mana cewa saƙon da aka ba matan a bakin kabari ya ambaci Bitrus da suna, shi da ya fi kowa jin kunya a wannan safiya. Ikkilisiyar Kibɗawa ta Masar har wa yau tana riƙe da cewa Markus ne ya kafa ta a Iskandariya. In haka ne, nahiyarmu ta Afirka tana cikin masu cin moriyar taurin kan Barnaba.

Ikkilisiya ta sake fuskantar wannan tambaya da zafi a shekara ta 250, lokacin da sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka kasa tsayawa. Da tsanani ya lafa, Nobatiyan a Roma ya ce kada a sake karɓarsu. Kifriyan bishop na Kartaj da majalisar da ta zauna a 251 suka ce a karɓe su bayan tuba da horo gwargwadon laifin kowa, hanyar da yawancin ikkilisiya ta bi ke nan. Ko a ƙasarmu, Rowland Bingham ya sauka Ikko a Disamba 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida ba tare da ya kafa komai ba. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kayar da shi aka mai da shi. Sai a 1902 ne ayari na uku ya kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ne kuma aka sami ikkilisiyar ECWA a 1954. Wanda ya dubi Bingham a 1900 zai ce ga mutumin da ya juya baya sau biyu.

Ba muna roƙon a sassauta dokar jarrabawa ba ne. Satar amsa sata ce, horon da aka yi daidai ne, ɗan'uwan namu ma bai ce an zalunce shi ba. Roƙonmu ga iyayenmu malamai da kwamitin da zai gaje mu shi ne a sa wa horo iyaka da kowa ya sani, in ya cika a ce ya cika. Bayan haka a sami wani babba, malami ko ɗalibi, da zai ce ni zan tafi da shi, kamar yadda Barnaba ya yi, ya kuma ba da rahoto a ƙarshen zango. Mu da muka ajiye sunan nan muna da laifin jinkiri, gama wata biyar muka yi muna cewa sai an ƙara addu'a, alhali tsoron bakin mutane ne ya riƙe mu. Mu dai lokacinmu ya ƙare. Shi yana da sauran shekara guda a nan, takardar da ya rubuta sunansa kuwa tana cikin fayil ɗin da muka miƙa wa sabon sakatare, ita ce ta farko in an buɗe.